Kwanan Watan da Ya Canza a Kyamara

Ranar Juma'a da la'asar aka kira Sufeto Dije zuwa wani ɗakin gwajin jini a Nassarawa GRA. Na'urar gwaji ta yi ɓatan dabo, kyamarar tsaro kuma ta makance daga ɗaya da rabi zuwa biyu.

Mai wurin ya riga ya yanke hukunci. Kowa ya tafi masallaci sai Loretta, kuma ita ke kula da kwamfuta. Tana zaune da jaka a cinya, idonta jawur. In ba a samu wani ba, a caji ofis za ta kwana.

Sufeto Dije da yatsa ɗaya take danna kwamfuta, amma ba ta jin kunyar tambaya.

"Yaya ake makantar da kyamara ba a taɓa waya ba?"

"Ranki ya daɗe, tana da ɗan ɓangaren manhaja da ake ɗorawa a zuciyar kwamfutar," in ji Loretta. "Akwai laburaren umarni da muke ɗora shi ko cire shi da shi. In an cire, sai duhu."

"Wa ya iya?"

"Ni da Malam Aƙilu, wanda ya haɗa mana tsarin."

Aƙilu ya gyara hula. "Ni ina sahun farko, Hajiya. Sai biyu da rabi na dawo."

Garba maigadi ya ce shi dai bai ga fitar Aƙilu ba.

Sufeto ta sa aka kunna hoton. Ta bar mutane, ta zuba wa ƙasan allo ido. Kafin duhun, kwanan watan Bature ne. Bayan duhun, sha ɗaya ga Sha'aban.

"Wa ke zaɓar wannan?"

"Duk wanda ya ɗora ɓangaren," in ji Loretta a hankali. "Malam kullum na Hijira yake sawa, ni nake bi ina mayarwa."

Sufeto ta juya ga Aƙilu.

"Hannuna ne ya saba," ya ce. "Na'urar tana but ɗin motata. Nawa wurin nake so in buɗe a Hotoro."

"Ka zaɓi Juma'a don ka san Loretta za a kama," in ji Sufeto.

Abin ya ɓata wa Sufeto rai ƙwarai, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ka tuna watan, ka manta sallar. Kofur, tafi da shi."

Loretta ta ajiye jakarta. Ta jawo kujera ta gyara kwanan watan.