Tsakanin Kabarin Kurru da Dutsen Barkal

"Mudir? Ni ne mudir, Salama?"

Ummusalama ta ja gefen tob ɗinta, mayafin matan Sudan, ta rufe baki. Suna tsaye a ƙofar gidansu a Gadarif, jikin dangar kara, lorori na wucewa da buhunan simsim, wato riɗi, zuwa kasuwa. Yanzun nan Hamisu ya fito daga gaida Goggo Hajo, wadda ta tarbe shi da gahawar jabana mai zafi tana ta tambayarsa lafiyar ofis da ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa.

"Don Allah ka rage murya... za ta ji."

"Tun yaushe kika gaya musu haka?"

"Tun bikin Sakinatu."

Hamisu, wanda zai aure ta, ɗan garin Hawata ne, aikinsa ja-gorar masu yawon buɗe ido. Yakan kwaso su daga Hartum a motar wani ƙaramin kamfani, ya kai su Karima can arewa, inda tsohon babban birnin sarakunan Kush yake. Da safe ya sauka da su cikin kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kurru, da la'asar ya hau da su Dutsen Barkal su kalli gari. Yana son aikin nan kamar ransa, Ummusalama ma ta sani.

Amma ran bikin, mata sun cika rumfa, kowace na faɗin abin da surukinta yake. Wannan mai tarakta biyu ne, wancan yana da shago a Gallabat. Ita kuwa ta taɓa jin Goggo da kunnenta tana cewa duk wanda abincinsa ke cikin kaburburan mutanen da, babu albarka a tare da shi. Da aka juyo kanta, sai bakinta ya riga hankalinta.

"Ban yi niyya ba, wallahi. Fitowa kawai ta yi... daga baya na kasa gyarawa."

"Kunyar aikina kike ji."

"A'a!"

"To me ne ne sunansa?"

Hawaye suka taru mata. Goggo ce ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, ita ta goya ta zuwa mashru, manyan gonakin tarakta, lokacin yankan simsim, ba ta taɓa iya musa mata magana ba.

Hamisu ya sauke numfashi. "Na riga na gayyaci Baba. Ya ce da an gama cashe dawa zai biyo ni Karima, shi da ke da Goggo. Akwai kujeru a motar."

"Innalillahi... Hamisu, ka fasa, don girman Allah!"

"Ba zan tona miki asiri ba, habibti. Amma ba zan ɓoye abin da nake ci da shi ba."

Ya tafi bai waiwayo ba.

Baba Haladu, mahaifin Ummusalama, bai taɓa wuce Hartum ba. Rayuwarsa duka a bayan tarakta ya yi ta, a gonar wani attajiri ta wajen Mafaza, damina noma, kaka girbi. Ranar tafiyar ya sa sabuwar jallabiyarsa, ya naɗa rawani, yana ta leƙen hamada ta taga kamar yaro. Goggo kuwa ta ƙulla kisra, wainar dawa, da busasshen nama a kwano, ta zauna a kujerar gaba tana murmushi.

"Kin gani ko, Ummu?" ta raɗa mata. "Babban mutum, ya bar ofishinsa guda ya zo ya kai mu da kansa. Ai wannan shi ne girmamawa."

Ummusalama ta mai da fuskarta taga. Ba ta iya cin komai ba har suka isa.

Washegari da hantsi suka tsaya a Kurru. Banda su akwai iyalai biyu daga Omdurman da wasu ɗaliban jami'a, sai direban motar, Zakari, mutum mai yawan raha. Mai gadi ya buɗe ƙofar ƙarfe, matakala ta bayyana, an sassaƙa ta cikin dutse, tana gangarawa cikin duhu.

"Nan za mu shiga?" Goggo ta dafe ƙirji. "A'uzubillahi!"

"Ki riƙe hannuna, Goggo," in ji Hamisu. "A hankali. Babu komai a ciki sai tarihi."

Suka sauka. Zafin waje ya ɓace, wani sanyi mai ƙanshin tsohuwar ƙasa ya tarbe su. Hamisu ya ɗaga tocila sama, kowa ya ja numfashi. Rufin ɗakin shuɗi ne, cike da taurari ruwan ɗorawa, a bango kuma ga zanen sarki ana riƙe da hannunsa ana tafiya da shi. Launin bai dusashe ba, kamar jiya aka shafa.

Ya fara magana, da Larabci ga baƙi, ya juyo da Hausa don Baba da Goggo. Ya ce mutanen nan a bakin Nilu suke noma, su ma suna jiran ruwa, suna tsoron fari, suna kuka idan nasu ya mutu. Ya ce wanda ya zana taurarin nan ba ya son a bar sarkinsa cikin duhu ne.

Ummusalama ba ta taɓa ganinsa haka ba. Muryarsa a natse, idonsa na haske, har ɗaliban sun daina surutu. Baba ya matsa kusa da bango, hannayensa a baya, yana gyaɗa kai.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Duk wannan mulki, ga inda aka ƙare."

A wajen fitowa ne gwiwar Goggo ta ƙi. Ta taka matakala kaɗan ta zauna tana nishi. Hamisu bai yi wata-wata ba, ya miƙa wa Zakari tocilar, ya durƙusa.

"Hau, Goggo."

"Kai ɗan nan, rufa min asiri!"

"Ai kin goya Salama, yau a rama miki."

Ya fito da ita a bayansa har cikin rana, jallabiyarsa ta jiƙe da gumi. Mutane suka yi ta tafi. Goggo ta zauna a inuwa, farin ciki ya cika ta, ta ɗaga murya da Larabcinta na kasuwa yadda kowa zai ji.

"Kun gan shi nan? Surukina ne! Mudir ne guda a Hartum, mai ofis da ma'aikata, amma ya goya tsohuwa!"

Zakari ya fashe da dariya har yana dafa mota. "Mudir? Hamisu? Ya salam! Hajiya, ai ni da shi a kan tabarma ɗaya muke kwana a garejin kamfani. Kullum yana cikin ramin nan, har jemagu sun san muryarsa!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka kau da kai. Murmushin Goggo ya tsaya cak.

Ummusalama ta ji kamar a buɗe ƙofar ƙarfen nan ta koma ciki a rufe.

Baba ya juyo a hankali. "Hamisu. Wa ya ce da Hajo kai mudir ne?"

Hamisu ya kalle ta, kallo ɗaya, gajere. Ya ga yadda ta sunkuyar da kai.

"Ni ne, Baba," ya ce, kansa a ƙasa. "Ni na sa ta faɗa. Ku yafe ni."

Baba ya juya musu baya. Ya shiga mota ya zauna a kujerar baya.

Da la'asar aka isa gindin Dutsen Barkal. Goggo ta ce ba inda za ta, ta zauna wajen wata mai shayi ta juya wa kowa baya. Sauran suka fara hawa. Hamisu na gaba yana nuna inda za a taka, yana amsa tambayoyin ɗalibai kamar babu abin da ya faru, sai dai muryar ta dushe.

Daga sama, Karima duka na shimfiɗe a ƙasa. Ga Nilu ya lanƙwasa yana sheƙi, ga gonakin dabino kore shar a gefensa, ga hasumiyoyin masallatai da rufin gidaje, ga ginshiƙan tsohon haikali a gindin dutsen, can gefe kuma dala masu tsini tsaye cikin rairayi. Mutane na ta ɗaukar hoto. Ummusalama ba ta ganin komai sai bayan mahaifinta.

Baba ya kira ta gefe.

"Ummu, in mun koma gida zan aika wa mutanen Hawata su zo su karɓi kayansu."

"Baba..."

"Aikinsa bai dame ni ba. Yau na ga abin da ban taɓa gani ba, na kuma ji daɗi. Amma mutumin da zai zauna a kan tabarmata, ya sha jabanar 'yar'uwata, ya yi mana ƙarya? Gobe ke zai yi wa. Ba zan ba shi ke ba."

Iska na kaɗa tob ɗinta. Ta hangi Hamisu can bakin dutsen yana riƙe da hannun wata tsohuwa daga Omdurman kada ta zame. Ta san in ta yi shiru, har ya mutu ba zai faɗa ba.

Ta durƙusa a kan tsakuwa.

"Baba, ba shi ba ne... ni ce."

"Me kika ce?"

"Ni na ƙirƙira! Bai ma sani ba sai ranar da ya zo gaida Goggo. Ya yi min faɗa, ya ce ba zai ɓoye aikinsa ba, shi ya sa ya kawo ku. Ɗazu ma don kada a yi min dariya ne ya ɗauka a kansa." Kuka ya ci ƙarfinta. "Kunya na ji a gaban mata, Baba. Na ji kunyarsa... shi da bai taɓa jin kunyata ba."

Baba ya mai da idonsa kan kogin. Da ya yi magana, muryarsa ta yi nauyi.

"Kina tsaye, aka yi masa dariya a gaban abokin aikinsa, kika yi shiru."

"Na yi shiru."

"Ni ma da baƙin man tarakta a jikina kika tashi kika gan ni. Ko ni ma kin taɓa canja min sana'a a wani wuri?"

"Wallahi a'a, Baba! Wallahi..."

"Tashi. Ba ni za ki ba haƙuri ba."

Ya ɗaga hannu ya yafito Hamisu. Da ya iso ya ga fuskarta, ya gane.

"Salama, me ya sa? Ai da kin bari..."

"In bari a raba mu a kan laifina?" Ta kasa ɗaga ido. "Ka yafe min, Hamisu. Ban cancanci abin da ka yi min ba. In ka ce ka fasa, ba zan ga laifinka ba."

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba," ya ce a hankali. "Tun daga Gadarif nake jin sa. Amma fasawa? Haba, masoyiyata... wa zan kai wa labari in na dawo daga hanya?"

Baba ya yi gyaran murya. "Kai ma ka yi ƙarya ɗazu, ɗana, ko da ta rufin asiri ce. Kada a ƙara."

"In sha Allahu, Baba."

Suka gangaro ta gefen rairayi, ƙafafu na nutsewa, Baba na riƙe da rawaninsa yana dariyar da bai shirya ba. Ummusalama ce kaɗai ba ta yi ba. Akwai sauran mutum ɗaya.

Goggo na nan inda suka bar ta, shayinta ya huce. Ummusalama ta durƙusa a gabanta, a gaban mai shayi, a gaban Zakari da duk wanda ke wurin, ta faɗi komai da Hausa, ta sake faɗa da Larabci don kowa ya ji. Zakari ya sosa ƙeya ya ce ma'alesh, a yi haƙuri, shi bai san haka zancen yake ba.

Goggo ta kalle ta, idonta ya kaɗa.

"Tsorona kika ji, Ummu? Ni da na goya ki?"

"Kin ce masu shiga kaburbura ba su da albarka..."

"Na ce. Bakina ne, na sani." Ta share ido da gefen mayafi, ta juya ga Hamisu. "Zo nan, ɗan nan. Ni na kunyata ka da babbar murya, bari in gyara da babbar murya."

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe da ƙyar, ta fuskanci mutanen motar.

"Ku saurara! Wannan surukina ne. Ba shi da ofis, ba shi da ma'aikata. Cikin rami yake aiki, kuma daga cikin ramin ya fito da ni a bayansa. Kafin ruwan farko ya sauka a Gadarif za a ɗaura, duk wanda ke motar nan na gayyace shi!"

Matan Omdurman suka rangaɗa guɗa. Ummusalama ta ɓoye fuskarta a cinyar Goggo tana kuka, tsohuwar na shafa kanta.

"Ya isa haka," in ji Goggo. "Tashi ki zuba wa mijinki shayi, tun safe yake magana."