Madarar da Na Zuba a McLeansville

Da kakar shekarar 2004 muka kama hayar wani gida a McLeansville, can ƙetaren teku, ni da matata Rumasa'u. A bayan gidan akwai wani tsohon itace wanda mutum uku ba za su iya rungume gindinsa ba, ƙorama kuma tana bi ta kusa da saiwoyinsa.

Ni musulmi ne, amma gwaggona Jimmai, wadda ta rene ni a Dogonduci, 'yar bori ce. Ita ta koya mini cewa kowane itace, kowane dutse, kowane ruwa yana da mai shi. Allah yana can sama, iskoki kuwa su ne maƙwabtanmu a ƙasa, kuma wajibin baƙo ne ya fara gaishe su.

Saboda haka, ranar da muka tare, gab da magariba, na ɗauki kofin madara na nufi itacen. Ladabi kaɗai na nufa.

Na durƙusa na zuba. Na ce, "Masu wuri, mun zo zama. A yi haƙuri da mu."

Gyare suka yi tsit. Ƙarar ƙoramar ta ɗauke, alhali ina ganin ruwan yana gudana.

Ƙasa ta zuƙe madarar, har ina jin sautin haɗiya.

Warin tsohuwar toka ya taso.

"Boukari," Rumasa'u ta raɗa daga bayana. Ashe ta biyo ni da tocila. "Me kake yi a nan? Taso mu..."

Tocilar ta faɗi. Wuyanta ya karkace. Muryar wani tsoho ta fito daga bakinta, da harshen da ban taɓa ji ba.

Ta damƙi hannuna. Yatsunta sun yi sanyi ƙalau.

Ta lashe kofin tas. Sannan ta zuba wa jijiyar wuyana ido.

Na fizge, na bar mata hannun rigata, na ruga gida. Ita kuwa ta biyo ni a hankali, ta zauna a bakin ƙofa.

Na kira Gwaggo da katin waya, na faɗa mata abin da ya faru.

"Wa ya hau ta?" ta tambaya.

"Ban sani ba, Gwaggo. Ko Hausa ba ya ji."

"Kai, Boukari, sakaran yaro! Namu mun san sunansu da kirarinsu. Mu kira su, mu sallame su, wadda aka hau ta yi atishawa, shi ke nan sun tafi. Wannan fa, ina mutanen da ke ciyar da shi?"

"An ce 'yan asalin ƙasar ne, an tashe su tun kafin a haifi kakanninmu."

Ta ce, "Duk tsawon shekarun nan da yunwa yake, kai kuma ka ba shi madara. Da wane suna zan ce masa ya tafi?"

Malamai sun yi ruƙiyya. Likitoci sun duba, ba su ga komai ba. Mun ƙaura zuwa cikin Greensboro, bai hana ba. Rumasa'u tana dafa abinci, wani lokaci ma takan amsa sallama. Amma kullum da magariba takan tsaya ta fuskanci gabas. Maƙwabta suna yaba ibadarta. Ni kaɗai na san McLeansville take kallo.

Na sha ƙona barkono a ɗaki har numfashina ya sarƙe, hawaye suna zuba, ina kallon hancinta.

Shekara huɗu ke nan ba ta yi atishawa ba.