Cinyar Barewa a Ƙofar Jane

Sufeto Hambali ya zo London kwas ne, cikin shekarun da kuɗin fetur ke tura ko wane mai ƙaton ciki ƙaro ilimi. Abin da ya ƙware a kai kawo yanzu shi ne cin dafaffen dankali ba tare da ya ɓata fuska ba.

Ran wata Litinin aka tura shi wani gandun barewa a kudancin birnin. Jane, mai kula da gandun, ta tashi ta tarar da cinyar barewa rataye a ƙofarta.

"Barazana ce," in ji ta. "Duk shekara mukan harbe wasu don sun yi yawa, suna cinye ƙananan itatuwa. Akwai masu jin haushinmu."

Hambali ya dubi cinyar. An naɗe ta da ganye, an ɗaure da kyau. Haka mahaifinsa ke naɗe rabon dagaci in ya dawo daga dawa.

"Gaisuwa ce aka kawo miki," ya ce.

Ta kai shi inda aka yi fiɗa. Ga tarkon waya, ga ɗan rami da aka tona wa jini. Kwancin dabbar ya nuna an fuskantar da ita gabas sak, alhali alƙiblar London ta karkata kudu. Jane ta ce ta ga farar Marsandi a bakin shinge.

Motar ta wani ɗan kwangila ce, Alhaji Uwaisu. Hambali ya same shi a gidansa.

"Motata ba ta fita ba," in ji Alhaji.

"Da taɓo a tayoyinta. Su wa ke gidan?"

"Ni da direbana Almu. Sai Baba Maje, mahaifina, da na kawo asibiti. Ko tashi ba ya yi."

Wani ƙamshi ya biyo matakala. Banda ce, har da hayaƙinta. Hambali ya haɗiye yawu, ya yi fatan ba a ji ƙarar ba.

Almu bai jira tambaya ba. "Ni ne, Yallaɓai."

"Ka san in kai ne, bizarka ta tashi? Shekararka nawa a nan?"

"An daɗe."

"Nuna mini alƙibla."

Almu ya miƙa hannu kudu maso gabas, bai ko yi tunani ba.

Hambali ya hau sama. A ɗakin tsohon, buzun salla na kallon gabas sak, shi kuma marar lafiyar yana tsugune gaban murhun ɗumama ɗaki, yana juya nama.

"Sannu da jiki, Baba."

"Jiki ya samu tun jiya. Ka sakar mini yaron nan, rako ni kawai ya yi."

"Me ya kai ka?"

"Tun da na zo nake kallon bango. Suka kai ni shan iska, sai ga barewa garke guda, suna kallona ba ko tsoro. A garinmu rabon da in ga barewa tun kafin fari, mun cinye su. An ce a nan yawa suka yi, har gwamnati na ragewa. Na rage mata ɗaya, na kai wa mai daji rabonta. Ina laifin?"

"Ba ka da lasin, Baba."

"Ɗan wa kake?"

"Ɗan maharbi."

"Shi ya sa." Tsohon ya yafa bargonsa. A bakin ƙofa ya cusa wa Hambali tsoka guda a aljihun kwat. "Rabon mai bin sawu."

A mota Baba Maje ya roƙi a bi ta gefen gandun. Hambali ya rage gudu. Barewa na kiwo cikin hazo, su biyun suka yi ta kallo har shingen ya ƙare.

A caji ofis aka karɓi tsohon, aka karɓi tarkon waya da wuƙar fiɗa da cinya. Hambali ya sa hannu a aljihu don ya miƙa ragowar shaida, sai ya tarar ba ta iso ba.