Shibriyar Bashira a Kan Nilu

"Jirgin ba ya ɗaukar masu keke, Bashira."

Rafi'u ya faɗi haka bai ko ɗago kai daga teburinsa ba.

Bashira ta murza keken guragunta gaba har ƙarfen ya daki teburin.

"Au! Ashe ba ka manta Hausa ba? Na ɗauka tun da ka fara sa farar jallabiya ka sallame ta."

"Ki rage murya, don Allah... akwai mutane."

"Su ji mana!"

Ofishin shirya tafiye-tafiye ne a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, a shekarar 1976, lokacin da attajiran Jidda suka fara yayin zuwa Masar shan iska a kogin Nilu. Ga hoton jirgin nan manne a bango, fari tas, hawa uku, da rumfa a samansa. Wannan hoton Rafi'u ya taɓa nuna mata yana cewa, "Habibti, nan za mu ci amarcinmu." Ana saura kaɗan biki ya kifar da mota da su a hanyar Makka. Shi ya fito yana karkaɗe riga, ita kuwa ba ta sake takawa ba.

Daga nan sai Luba, 'yar ƙanin mahaifinta, ta shiga zarya gidan su Rafi'u da sunan jaje. Ita ta raɗa wa uwarsa wai likita ya ce Bashira ba za ta haihu ba, maganar da likita bai taɓa yi ba. Uwar ta ce gidansu bene ne mai ƙunƙuntar matakala, wa zai riƙa ɗaukar amarya? Rafi'u, namijin duniya, ya sunkuyar da kai ya auri Luba. Yanzu shi zai jagoranci matafiya zuwa Nilu, da amaryarsa a gefe.

"Ba mugunta ba ce," in ji shi. "Siririn katako ake shimfiɗawa daga jirgi zuwa gaɓa. Tsofaffin gine-ginen kuma duk matakala ne da rairayi. Keke ba ya bi."

Sai ga mai ofishin, Sayyid Abdulghani, ya leƙo daga ciki. Ya san ta sarai, domin mahaifinta Alhaji Othman ne ke sayar masa da turaren wuta.

"Bint Othman! Ahlan. In kin zo da masu ɗaukarki, jirgi naki ne. Abin da ya rage, jagora zai cika. Aikinsa ke nan."

Bashira ta dubi Rafi'u ta yi murmushi, irin wanda ba ya kaiwa ido.

Washegari ta aika aka kira mata Ɗan'azumi daga unguwar Nuzla, masaukinsa in ya zo Jidda. Bahaushen Sudan ne, dogo, mai sanyin magana. Sana'arsa ɗaukar shibriya a Harami, wato gadon katakon nan da maza huɗu ke ɗorawa a ka su yi wa marasa ƙarfi ɗawafi. Shi ya ɗauke ta a umrarta ta farko bayan haɗarin, tana kuka yana mata addu'a daga ƙasa. Tun daga ranar ba ya sauka Jidda bai kawo mata ruwan Zamzam ba, kuma duk gidan sun san ba lada kaɗai yake nema ba.

"Mutum uku nake so, Malam Ɗan'azumi. Kai da ƙannenka biyu."

"Hajiya, shibriya huɗu take ci."

"Na huɗun yana can yana jiranmu."

Nan take ya gane wanda take nufi.

"Rafi'u bai kai tsayinmu ba. Mu sai tsayi ya zo ɗaya, taku ya zo ɗaya, sannan muke ɗauka. In ɗaya ya gaza, wani ne ke shan nauyinsa."

"Uwarsa ta ce wa zai ɗauke ni. Wallahi sai ɗanta ya ɗauke ni a tsakar kansa, Luba tana kallo!"

"Ni fa, Hajiya? Ina matsayina a wannan lissafin?"

Muryarta ta yi laushi.

"Mu dawo tukuna... sai ka zo ka ga Baba."

Ya ce, "Tayyib." So ba ya barin mutum ya yi wayo, ko da ya fi kowa hankali.

Sun sami jirgin a Luksor, ita da mahaifinta da masu shibriya uku. Ya fi hotonsa kyau nesa ba kusa ba. Darduma ja har matakala, ma'aikata da jar dara suna zuba shayi, fanka na juyawa a kowane ɗaki. Da yamma sai a ga itatuwan dabino suna wucewa, yara na ɗaga hannu daga gaɓa. Bashira ba ta ga ko ɗaya ba. Safiya take jira.

Da aka shimfiɗa katakon fita, ƙannen suka ɗaura igiyoyin shibriya, suka zaunar da ita. Ɗan'azumi ya naɗe gammo huɗu. Bashira ta ɗaga murya yadda matan attajirai za su ji.

"Ya jagora! Kusurwa ɗaya ba kowa."

Fuskar Rafi'u ta yi fari.

"Bashira, ki rufa mini asiri..."

"Sayyid Abdulghani ya ce abin da ya rage kai za ka cika. Ko in buga masa waya? Yalla!"

Abin da ya sa wuƙar ta shiga da kyau, kakan Rafi'u ɗan shibriya ne, kuma duk rayuwarsa ɓoye wannan yake yi, yana wani lanƙwasa harshe kamar a Balad aka haifi kakanninsa. Yau ga shi ya tuɓe ƙyallen kansa ya ɗora gammo. Wata tsohuwa cikin matafiyan ta ce da Larabci, "Ashe gadon gidansu ne," aka kwashe da dariya.

Luba ta ja mayafi ta rufe fuska.

Haka aka shiga tsohon ginin Karnak. Ginshiƙai ne na dutse da mutum goma ba za su rungume ɗaya ba, an zane su da tsuntsaye da idanuwa tun zamanin Fir'auna. Daga saman shibriya Bashira ta fi kowa kusa da zanen, amma ƙeyar Rafi'u take kallo, gumi na bin wuyan farar rigarsa. Daɗi ya cika ta har tana jin sa a haƙoranta.

A Edfu ma haka. Luba ta daina fitowa cin abinci.

Ana gobe za a tsaya Kom Ombo, da la'asar, Ɗan'azumi ya same ta a rumfar sama. Ya durƙusa gefen kekenta yana murza wuyansa.

"Hajiya, ya isa haka. Akwai wani matuƙi tsayinmu ɗaya, ya yarda zai kama mana."

"Gobe kaɗai."

"Ƙafafunsa rawa suke yi. Ni ke ɗauke da rabonsa tun Luksor."

"Ni shekara biyu nake ɗauke da nasa! Ka san abin da ake ji in an turo ka ɗakin biki a keke, amaryar kuma ƙanwarka?"

"Na sani, ya albi, zuciyata. Amma tun da muka hau jirgin nan ba ki dube ni sau ɗaya ba. Shi kike kallo."

Maganar ta soke ta, amma zuciya ta riga ta hau.

"Gobe kaɗai, Ɗan'azumi. Halas."

Haikalin Kom Ombo a kan tudu yake, dab da ruwa, matakalarsa ta dutse ta sha taku har ta yi santsi. Suna tsakiyar hawa sai ga muryar Luba daga bayansu, ta kasa haƙuri.

"Rafi'u! In ba ka ajiye gurguwar nan ba, ka sake ni yanzu!"

Ya waiwaya.

Mai shibriya ba ya waiwaye.

Kusurwarsa ta zame daga gammo, gadon ya karkace, Bashira ta hango duwatsu da ruwa a ƙasanta ta ƙwalla ƙara. Ɗan'azumi ya cusa kansa ƙarƙashin katakon ya tare nauyin duka. Ta ji wani abu ya ce ƙas! Bai saki ba sai da ƙannensa suka sauke ta lafiya, ko ƙwarzane babu. Sannan ya sulale a kan matakala.

"Ɗan'azumi! Ɗan'azumi, ka dube ni!"

"Ba ki ji ciwo ba?" Abin da ya tambaya ke nan.

A asibitin Aswan likita ya ce zai tashi, zai yi tafiya, amma wuyan ya ƙage ke nan, kuma ko tulu ba zai sake ɗauka ba.

Sun dawo Jidda labari ya riga su. Sayyid Abdulghani ya kori Rafi'u a ranar. Luba ta koma gidansu kafin wata ya ƙare. Da Rafi'u ya zo ƙofar gida neman gafara, Bashira ta sa aka ce masa matakalarsu ba ta ɗaukar irinsa. Ba ta yafe masa ba, kuma ba ta yi niyya ba.

Ɗan'azumi kuwa bai zo ba.

Ita ta je. Ta sa aka kai ta Nuzla, ta murza kekenta cikin ƙura har ƙofar ɗakinsa.

"Ka ce za ka ga Baba."

"Da me, Hajiya? Ba sana'a, ba wuya. Ba na son a aure ni don tausayi."

"Tausayi? Ni ka san ni da tausayi?" Hawaye suka zubo mata. "Sonka nake yi, ya kai mai taurin kai! Na makara da gani ne kawai..."

Alhaji Othman ya so ya ja, dangi suna ta cewa ɗan shibriya ne. Bashira ta ce ai ɗan ofis sun gwada. Aka ɗaura aure bayan Hajji, suka tare a gida mai hawa ɗaya, ya kama zaman shagon turare.

Har suka haifi 'ya'yansu bai taɓa tayar da zancen Kom Ombo ba. Sai dai in aka kira shi, dole ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, a hankali, yana cije leɓe. Sau ɗaya Bashira ta ga haka a makon amarcinsu. Tun daga ranar ba ta sake kiransa daga baya ba. Komai gaggawarta, sai ta murza kekenta ta zagayo gabansa, ta dubi idonsa, sannan ta yi magana.