Dattijon da Ya Yi Cara a Ɗakin Likita

A wani gari can, an yi wani dattijo mai kwarjini, wanda ko da jikokinsa ba ya wasa. Wata rana haƙorin jikarsa ya ruɓe, kumatunta ya kumbura, sai ya kai ta wurin likitar haƙori.

Da yarinyar ta ga allura, sai ta rufe baki gam. Aka lallashe ta, ta ƙi buɗewa. Aka yi mata alkawarin sabon takalmi, ta ƙi buɗewa.

Likita ta ce, "Baba, sai an ɗauke mata hankali. In haƙorin nan ya kwana, ciwon zai ƙaru."

Dattijo ya dubi masu jira a bakin ƙofa, duk sun san shi. Ya dubi jikarsa. Sai ya ajiye sandarsa, ya ce, "Amaryata, dube ni nan."

Ya miƙe wuya ya yi cara kamar zakara. Yarinya ta fashe da dariya, baki ya buɗe. Ya yi kukan akuya, ya yi na jaki, idonta na kansa har aka cire haƙorin.

A hanyar gida, duk wanda suka gamu da shi sai ta nuna dattijon, da auduga a bakinta, ta ce, "Wannan kakana ne."