Ruwan Durom

Ranar da abin ya fara ba a ga wata alama ba. Rana ta yi ja, kaji sun nufi akurki, mata bakwai suna tsaye a ƙofar gidan Mai Inji da kwanukan hatsi a ka. Shi kuwa yana ciki, gari ya rufe masa gira, inji yana ta ruri.

Shekara ashirin ya yi yana gadi. Da aka sallame shi, ya sayar da gonar gadonsa ya sayi injin niƙa. Ya girke shi a tsohon ɗakin bakin zaure, wanda tun zamanin kakansa ba a kwana a ciki, ba a kuma tambayar dalili. Ciniki ya buɗe. Ya yi wa gida rufin kwano, ya mayar da 'yarsa makaranta, 'yar da yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa gare ta. Kasuwar niƙa kuwa ta yamma ce, lokacin da mata ke hanzarin abincin dare. Ladan ya kira, inji ya amsa masa.

Injin yana da durom na ruwa mai sanyaya shi. In aiki ya yi tsawo, ruwan yakan tafasa, sai a kashe a jira ya huce. Ran nan Mai Inji ya leƙa ya ga layi. Ya kwance tiyo, ya juye tafasasshen ruwan ta tagar baya cikin lungu, ba bisimilla, ba gafara.

Cikin ƙarar injin ya ji wani abu kamar kukan jariri. Ya ce bel ɗin injin ne ya bushe.

"Maigida, ruwan zafi da magariba?" in ji matarsa.

"Ke dai ji da tukunyarki."

Washegari da almuru dutse na farko ya faɗo kan rufi. Na biyu ya biyo. Ya fita da sanda, ya zaga gida, ba kowa. Ya ɗauki ɗaya daga duwatsun, ya yar da sauri. A jiƙe yake, da zafi kamar an tsamo shi daga tukunya.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu gari ya fara fitowa da yashi. Ya kwance farantin niƙa, ya wanke, ya ɗaura. Yashi dai. Wata tsohuwa ta taune garin a gabansa ta tofar.

"Mai Inji, niƙa muka kawo ko gini?"

Bai kashe injin ba. In ya kashe, da me zai koma? Gona ta tafi.

A rana ta biyar Uwata ta kawo masa ruwan alwala. Tana sa ƙafa a bakin ƙofa buta ta faɗi. Ta tsaya ƙiƙam. Yana kallo, fatar hannunta na hagu ta tashi, bororo bayan bororo, tun daga wuyan hannu har gwiwa, ba wuta ba tururi. Ta buɗe baki, murya ta fito, ba tata ba, ta babbar mace wadda kuka ya dusashe.

"Haka na ɗana yake."

An kai ta asibiti, aka shafa magani, aka naɗe. Da rana lafiya lau, sai dai ba ta magana. Da rana ta karkata sai ta zauna a ƙasa, ta rungume iska, tana jijjigawa. Uwar ta daina cin abinci. Gidan ya yi tsit, in ban da injin, wanda har yanzu mai shi yake tayarwa, yana cewa gobe zai bari.

Matar ce ta ɗauko Malam Gajere, wani tsohon malami mai ido ɗaya da ba ya son dogon zance. Ya iso bayan la'asar. Ya leƙa lungu, ya taɓa durom, ya dubi Mai Inji.

"Kashe wannan abin. Ko aljani ba ya jin karatu cikin wannan hayaniya."

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Malam ya zauna ya fara karatu a hankali. Inuwa ta ci katanga. Uwata ta fara rawar jiki, sannan ta ɗago kai, idanunta ba su kallon kowa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ni aka ƙona."

"Wace ce ke?"

"Mai ɗakin. Na riga kakansa shiga. Tsohon ya sani, shi ya sa ya bar mana. Wannan ya zo ya girka mana jaki mai shan mai, muka koma lungu, ba mu ce komai ba. Wata tara ɗana bai yi barcin kirki ba. Ran nan na samu ya yi, na shimfiɗe shi gindin taga."

Mai Inji ya ce, "Wallahi ban sani ba."

"Ka tambaya?"

Malam ya ce, "An zalunce ki. Amma yarinyar nan ba ita ta zuba ruwa ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A ba ni hannunta a madadin na ɗana."

"Ba a wannan ciniki a gabana." Ya ɗaga murya da karatu har yarinyar ta yi ƙara, ta dafe ƙasa.

"To a fitar da jakin!"

"Abincin gidan ne. Ke ma uwa ce. Faɗi abin da zai yiwu."

Jemage ya gifta.

"Daga rana ta yi ja, kada in ji motsinsa sai gari ya waye. Ruwan durom kuma ya kwana a inda yake."

Malam ya juya ya dubi Mai Inji. Shi kuwa ya shiga lissafi. Yamma ita ce kasuwar. Akwai wani mai inji a bakin titi, matan can za su koma, wanda ya koma kuma ba ya dawowa. Numfashi uku ya yi yana wannan tunani, bai fi ba. Muryar ta yi dariya.

"Kin gani, 'yar uwa?" ta ce da matarsa. "Ana auna 'yarki da mudu."

"Maigida!"

Ya tashi ya shiga ɗakin, ya zaro hannun ƙarfen da ake murɗawa a tayar da injin. Ya kawo ya ajiye a cinyar yarinyar.

"Ita za ta riƙa ajiye shi. Na yarda. A gaya wa yaron ya yafe mini."

"Bai iya magana ba tukuna," in ji muryar, a sanyaye. Malam ya sa ta rantse. Uwata ta yi atishawa uku, ta kife. Da ta farka ta dubi uwarta ta ce tana jin yunwa.

Jifa ya tsaya, yashi ya tsaya. Rabin matan ma sun daina zuwa. Abin da ake samu da safe yana ciyar da gida, ba ya wuce nan.

Bayan wata biyu wani mai gidan abinci ya zo da buhu huɗu a amalanke, rana ta yi ja. Ya ce in an niƙa masa yanzu, kullum nan zai riƙa kawowa. Mai Inji ya dubi buhunan. Tafin hannunsa ya yi ƙaiƙayi.

"Sai da safe."

"Haba Mai Inji, arziki na ƙwanƙwasa ƙofa kana cewa sai da safe?"

"Sai da safe."

Amalanke ta juya ta nufi bakin titi. Ya zauna kan benci yana kallonta har ta sha kwana. Can daga cikin ɗakin da ke kulle ya ji muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana lallashi. Uwata ta fito daga gida da bokiti a hannun nan mai tabo, ƙarfen tayar da injin yana ƙara a ciki.

"Uwata," ya ce da raɗa, "riƙe shi da kyau. An samu yaro ya yi barci."