Rinin Ɓawon Albasa

"Sai yaushe, Auta? Ki faɗa min, sai yaushe?"

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya farin yadi cikin tukunya, tururi na dukan fuskarta. Ɗalibai sun watse daga ɗakin rini, daga ita sai Dogo, ɗan ajinsu mai sassaƙa mata hatiman katakon da take buga ado da su.

"Wata masaƙa a wani gari ta ba ni aiki har da gida, rabin raina. A ɗaura mana aure mu tafi tare!"

"Baba fa? Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai ni..."

"Ina yayyenki?"

"Yayyena ta waya suke jinya."

Ya ce a hankali, "Kullum ni ne na biyu." Ya fita.

Bayan tafiyarsa aikin gama karatunta ya zama abokin hirarta. Ta jera bokitai a bayan gida tana gwaji: ɓawon albasa, ganyen shayi, tsatsar ƙusa. Ta ɗaure yadi da zare, ta ɗiga kakin zuma, ta tsoma, ta shanya. Wani ya fito ruwan zinare, wani kamar tsumman goge-goge. Idan launi ya kama sai ta waiwaya da murna, babu wanda za ta nuna wa.

Ranar baje kolin ɗalibai kowa da danginsa ana ta hotuna. Ita ta wuni gefen yadukanta tana wa baƙi murmushi, har aka fara kwashe kujeru.

Da yamma tana ba Baba magani ya riƙe hannunta mai shatin rini. Da ƙyar harshensa ya juya.

"Yaron nan... dogon... ya daina zuwa."

"Ya yi nisa, Baba."

"Saboda ni?"

Ta kau da kai tana rufe kwalbar magani.

"Kira shi. Ki ce na ce... ya zo. Ko kan keken guragu... zan bi ku."

Da gudu ta fita tsakar gida, ta danna lambar Dogo a waya. Ya ɗauka.

"Dogo! Baba ya ce..."

"Auta..." Muryarsa ta yi ƙasa. "Watan jiya aka ɗaura min aure. Na rasa bakin faɗa miki."

Ta dafa igiyar shanya. "Allah ya sanya alheri," ta ce, ta kashe.

Ta wanke fuska kafin ta koma ɗaki. Baba ya zuba wa ƙofa ido.

"Me ya ce?"

"Ya ce yana gaishe ka."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya bubbuga gwiwarsa da hannunsa mai lafiya.

"Zo nan, uwata."

Ta durƙusa ta kifa kai a cinyarsa, kukan ya ƙwace mata.